Gayyar Kwamfutocin Alhaji Ubale

Wani Alhaji ne a Kaduna, Ubale sunansa, ya shekara ashirin yana harkar tayoyin mota, sai rana ɗaya ya ji a wajen ɗaurin aure ana cewa yanzu arziki ya koma cikin kwamfuta. Bai yi wata-wata ba ya kama hawa na biyu a wani bene, ya zuba tebura, ya ɗebo masu ilimin abin, ya ce ya buɗe kamfanin haɗa manhaja. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Ga kyauta, ga fara'a, kuma ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Aibinsa guda ne: idan abu ya lalace ba ruwansa da yadda aka yi, wanda ya yi kawai yake nema, kuma duk wanda sunansa ya fito, a ranar zai sauka benen nan ba dawowa. A shekara ɗaya mutum biyar ya sallama ta haka, biyu daga ciki har da kuɗin mota ya ba su saboda tausayi.

Injiniya Kaltume ta san da wannan hali tun kafin ta shigo, amma ba ta da zaɓi. Shekara uku ta yi bayan bautar ƙasa tana yawo da takardu a jaka, har jakar ta fara ɓarewa. A nan ta samu aka ɗauke ta gwaji na wata shida, kuma wata shidan ranar Juma'ar wannan makon suke cika. In ta kai Juma'a lafiya, za a ba ta takardar zama ma'aikaciya ta dindindin. In ba ta kai ba, sai komawa gida, inda gwaggonta ke tambayarta kullum wai shi wannan karatun da aka yi ta yi, yaushe za a fara ganin amfaninsa.

Aikinta shi ne gwada manhaja kafin a miƙa wa mai ita. Wadda ke hannunsu ta sayen tikitin mota ce ta waya, wani kamfanin motocin haya ya ba su aikin, kuma ranar Alhamis Ciyaman na kamfanin zai zo da kansa ya gani. Abubuwan da za a gwada sun haura ɗari huɗu, kwamfuta ɗaya in ta kama sai ta kwana biyu ba ta gama ba. Don haka Kaltume ta haɗa guda goma sha biyu, tara a ofis, uku a Zariya, sai wata babba da suke kira uwa, ita ce mai rabon aiki. Uwa ta gutsura wa kowacce nata, kowacce ta gwada ta dawo da rahoto. In ta ce lafiya lau, layi ya yi tsanwa a allo. In ta ce akwai gyara, layi ya yi ja.

Sai dai ita uwar ba ta ba kowa aiki haka kawai. Kowace kwamfuta tana da sunanta, tana da makullinta, wato wata doguwar kalmar sirri wadda ita kaɗai ke da ita. Sai ta faɗi suna ta nuna makulli kafin a ba ta aiki, a kuma rubuta cewa wance ce ta gwada abu kaza. Ita kuma Kaltume ba ta ba kwamfuta makulli sai ta zauna ta bincike ta ciki da waje, ta tabbata tana da kayan da za ta yi gwajin da su.

Ranar Litinin Alhaji ya shigo da sabuwar kwamfutar cinya, fil a leda, abokansa biyu na biye da shi. So yake ya nuna musu shi ma da shi ake aikin. Ya zauna, ya gyara babbar riga, ya sa aka jona ta da uwa. Can sai ga rubutu ya fito a allo. Ya matso da fuska, ya ja da baya, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Injiniya! Zo ki karanta mini wannan, ko idona ne."

Kaltume ta leƙa ta ce, "Cewa ta yi ba ta san ka ba, ranka ya daɗe."

"Ba ta san ni ba? Ni da na ɗauko ta tun daga Legas a bayan motata? Na saya mata na'urar sanyaya ɗaki, ni kuma ina nan ina shan fanka? Yau ni take cewa ba ta sani ba?"

Abokan nan suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, ɗaya har da tarin ƙarya. Kaltume ta rusuna ta ce ai ba shi uwa take nufi ba, kwamfutarsa ce baƙuwa, ba ta da suna ba ta da makulli. Ta karɓa, ta ɗauki awa guda tana bincike da zuba mata kayan aiki, sannan ta tambaye shi wane suna za a sa mata.

Ya ce, "Wane suna kuwa? Nawa mana! In ya so gobe ta sake cewa ba ta san ni ba."

Ta rubuta Alhaji Ubale. Ta zuba sunan da makullin a ɗan filas, abin nan da ake ɗaukar bayanai da shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta soka, ta danna sau ɗaya, uwa ta karɓi baƙuwa. Alhaji ya washe baki, ya zare filas ɗin ya jefa a aljihu. Da ta miƙa hannu ta karɓa sai ya ce zai ba ta anjima. Wannan anjimar kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar Talata aka kunna gwaji. Awa uku cur yana tafiya, ya ƙare da jan layi goma sha bakwai. Masu haɗa manhajar suka duƙufa gyara, amma duk gyara ɗaya sai an sake jiran wasu awa ukun. Alhaji ya yi ta safa da marwa a bayan kujerar Kaltume, hannu a baya, har ta fara jin ƙanshin turarensa a maƙogwaro. Da ya gaji ya tambaye ta me ya sa abin yake nawa haka, ta yi masa bayanin yadda uwa ke rabon aiki. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya tafa hannu.

"Au! Ashe gayya ce! To ai da kin faɗa tun farko. Mu a Makarfi in gona ta fi ƙarfin 'yan gida, ƙara hannu ake yi. A ƙaro kwamfutoci."

Ta ce, "Za a iya, ranka ya daɗe, amma kowacce sai na bincike ta na ba ta nata makullin. Ba zai yiwu kafin Alhamis ba."

"A gayya wa ke tambayar katin shaida? Duk wanda ya zo da fartanya a nuna masa inda zai kama, shi ke nan."

"A can kun san fuskokin juna, Alhaji. Ita uwa ba ta da ido. Makullin nan da shi take gane wanda ya zo noma da wanda ya zo shan fura."

Ya dube ta da tausayi, ya girgiza kai ya ce, "Ke dai 'yata, boko ya yi miki yawa."

Ranar Laraba da safe aka bugo waya daga Zariya cewa ɗaya daga cikin kwamfutoci ukun can ta ƙi tashi. Dole Kaltume ta hau mota. Ko tashar Kawo ba ta wuce ba Alhaji ya lalubo filas daga aljihu ya sauko ƙasa. Ya ga yadda aka yi ranar Litinin, sokawa ne da dannawa sau ɗaya, meye abin wahala a ciki? Ya fara da shagon Malam Bulus mai fotokwafi, ya wuce wajen mai shirya tafiyar Umra, ya shiga kemis, ya ƙare a makarantar koyon kwamfuta da ke hawa na farko, inda ya tarar da kwamfutoci jere reras ba mai taɓa su. Ko'ina ya shiga da sallama da gaisuwar iyali, sannan ya ce gayya ya zo nema. Wa zai hana Alhaji Ubale aron kwamfuta, mutumin da da azumi duk benen a ofishinsa ake shan ruwa? Kafin azahar ya soka wa guda goma sha tara filas ɗin nan, ya sa aka kunna gwaji.

Ƙarfe biyu da rabi Kaltume ta dawo, ta gaji tiɓis, ta tarar da ofis kamar gidan suna. Ga balangu a tebur, ga lemo, ma'aikata sai cin nama suke suna sunkuyar da kai, ba mai son haɗa ido da ita. Alhaji ya taro ta tun daga ƙofa.

"Injiniya, zo ki ga aikin manya! Awa ukunki ya koma minti goma sha ɗaya. Jan layin nan naki kuma ko ɗaya babu."

Ta dubi allo. Tsanwa shar daga sama har ƙasa. Ba ta yarda ba, don da safe da idonta ta bar jan layi tara, kuma ta san ba a gyara tara kafin azahar ko da aljanu ake aikin. Ta buɗe jerin kwamfutocin da ke aiki. Ga nata goma sha biyu, kowacce da sunanta. A ƙarƙashinsu kuma Alhaji Ubale, Alhaji Ubale, Alhaji Ubale, ta yi ta ƙirgawa har ashirin.

"Ranka ya daɗe, su waye waɗannan?"

Ya ce, "Mutanena ne. Da ni suke."

Ta ajiye jaka ta sauka ƙasa. A shagon Malam Bulus ta fara. Kwamfutarsa tsohuwa ce tukuf, sai an ɗan bubbuga gefenta take kamawa, kuma aikinta a duniya buga takardar haya da katin gayyata. Malam Bulus ya ce, "Injiniya, wallahi tun da Alhaji ya taɓa ta ban ji ta yi ko tari ba. Shiru take abinta." Kaltume ta duba, nan take ta gano abin da ya faru. Uwa ta ba ta aiki, ita kuwa ba ta da kayan da za ta buɗe aikin ma, balle ta gwada. Tunda ba ta gwada komai ba, ba ta ga kuskure ba. Tunda ba ta ga kuskure ba, sai ta mayar da rahoton lafiya lau cikin ƙiftawar ido, ta sake miƙa hannu. Ita kuma uwa, da ta ga masu sauri, sai ta yi ta loda musu. Haka ta kemis, haka ta mai Umra, haka na makaranta. Su goma sha biyun kirki kuwa, kafin kowacce ta gama abu ɗaya, an riga an cinye aikin.

Abin ya yi wa Kaltume ciwo ƙwarai, har da haushin kanta, don ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata kwamfuta za ta shigo ba ta hannunta ba. Ta hau sama ta samu Alhaji yana sakace, ta yi masa bayani dalla-dalla, a hankali, yadda ba zai ji kunya gaban ma'aikata ba.

Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Tsaya in gane. Kin ce ba su ga kuskure ba?"

"Ba su duba ba ne, ranka ya daɗe."

"Amma dai ba su gani ba."

"Ba su gani ba, saboda..."

"To alhamdu lillahi! Ke naki sun ga kuskure kin yi fushi, nawa ba su gani ba kin yi fushi. Wai me kike so ne?"

Ta roƙe shi ya bari ta cire baƙin ta sake gwajin da nata kaɗai, awa uku ne kawai. Ya ce ai ba a korar mutanen da suka amsa gayya, gobe da wane ido zai kalli Bulus? Ta ce to a bar su, amma a ba kowacce sunanta. Ya ce sunansa ya ishe su. Da ta sake buɗe baki sai ya sha mur, ya tashi da kansa ya kulle ɗakin da uwa take, ya jefa makullin ƙofar a aljihun da ya cinye filas, ya ce kowa ya tafi gida ya huta, gobe ranar baƙi ce. Yana fita ya waiwayo ya ce, "Injiniya, ki tuna jibi Juma'a." Ta tuna kuwa, don ranar ko abincin kirki ba ta iya ci ba.

Ranar Alhamis ƙarfe goma Ciyaman ya iso, dattijo ne dogo mai furfura, wanda ya fara daga kamasho a tasha har ya mallaki motoci. Tare da shi akwai sakatarensa da wani tsohon direba da ya amince da shi. Aka zaunar da su gaban babban allo, aka kawo ruwa. Alhaji ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo, ya ce an gwada manhajar nan da kwamfuta talatin da biyu, ba a samu ko ƙwayar kuskure ba. Kaltume tana gefe, ta ƙura wa ƙasa ido.

Ciyaman ba mai yawan magana ba ne. Ya ciro wayarsa ya ce bari ya gwada da hannunsa. Ya zaɓi motar Kano ta ƙarfe bakwai, ya zaɓi gidan gaba, tikiti ya fito tsaf da sunansa. Alhaji ya dubi jama'a yana murmushi. Sai Ciyaman ya ce wa sakatare, "Kai ma nemi gidan gaban nan, mu ga yadda za ta hana ka." Sakatare ya danna, tikiti ya fito: gidan gaba, motar Kano, ƙarfe bakwai. Tsohon direba ya ce bari shi ma ya taɓa. Shi ma aka ba shi gidan gaba, har da yi masa fatan sauka lafiya.

Ciyaman ya jera wayoyin uku a tebur, ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Alhaji, mu a tasha ana zaginmu don muna loda mutum biyu a gaba. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa kai uku ba."

Tsohon direba ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka ci gaba da dannawa ina jin har kujerata za ta sayar."

Fuskar Alhaji ta canza. Gumi ya keto masa duk da fanka. Ya juya a fusace.

"Injiniya! Ba a gwada wajen kujerun nan ba ne?"

Ta miƙe ta ce, "Rahoto ya nuna an gwada, ranka ya daɗe."

"Wa ya gwada? Wa ya ce lafiya lau?"

Kaltume ta yi ƙasa da murya ta ce, "Alhaji, da ka bari baƙi sun tafi, sai mu duba tsakaninmu."

Shi kuwa jin haka sai ya ɗauka laifinta take son ɓoyewa. Ya daki tebur har ruwan Ciyaman ya fantsala.

"Ba wani tsakaninmu! Ni ba na rufa-rufa a aikina. Ga makullin ɗaki, buɗe ki sako mana rahoton a allon nan kowa ya gani. Ciyaman, ka zama shaida: wallahi duk wanda sunansa ya fito a kan wannan aiki, yau zai bar kamfanin nan, ko ɗan wane ne!"

Ta karɓi makullin. Tana tafiya tana jin idanun ma'aikata a bayanta, wasu har sun fara yi mata kallon ban kwana. Ta buɗe ɗakin, ta danna abin da za ta danna, ta dawo ta tsaya gefen allo ta harɗe hannu.

Rahoton ya fito da manyan baƙaƙe. Sakataren Ciyaman, da yake aikinsa ne karanta takarda a taro, bai jira an sa shi ba ya fara karantawa da ƙarfi.

"Gwajin hana sayar da kujera sau biyu. Wanda ya gwada, Alhaji Ubale. Lafiya lau. Gwajin gidan gaba, Alhaji Ubale, lafiya lau. Gwajin cikar mota, Alhaji Ubale..."

Alhaji ya yi tsalle ya ce, "Kai, dakata! Wannan ƙarya ce! Ni ban taɓa gwada komai ba a rayuwata!"

Ciyaman ya kurɓi sauran ruwansa ya ce, "To, mu dai sunan da muka gani ke nan. Kuma ka rantse, ka sa ni shaida."

Alhaji ya dubi allo, ya dubi Ciyaman, ya dubi ma'aikatansa, waɗanda duk suka sami abin kallo a silin. Bai ga wurin sauke fushi ba sai inda ya saba.

"Ke kuma kin tsaya kin zuba mini ido! Me kike jira?"

Kaltume ta rusuna cikin ladabi ta ce, "Umarninka nake jira, ranka ya daɗe. Ku ashirin ne a rubuce. Wanne daga cikinku zai fara kwashe kayansa?"